Kebul ɗin Injiniya

Tun ranar da ya huda bangon falo ya zura kebul ɗin intanet zuwa ɗakinsa, mutanen gidan suka laƙaba masa Injiniya. Shi dai mai sayar da magani ne, amma bai taɓa gyara musu ba.

Tsarin da ya yi ba wuya: kwamfutarsa a kan kebul, matarsa da yara a kan waifai. Tasa gudu take kamar an koro ta, wayoyinsu kuwa sai juyi. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya sha ruwa sai ya sha lacca kan fifikon kebul.

Da ƙorafin matar ya ishe shi, ya zauna ya yi nazari irin na masana, ya gano wani ne ke zuƙe musu waifai. Bai sha wahalar neman ɓarawo ba. Bango ɗaya ne tsakaninsu da shagon tela, kuma kullum bidiyo ke tashi a can ba ko sarƙewa.

Matar ta tuna masa telan nan ne ya rufa musu asiri lokacin da suka tare, babu abin da suka nema ya hana su, har waifai kafin a haɗa musu nasu. Injiniya ya ce ai da haka ake koyon hanyar gidan mutane.

Ya tare tela a ƙofar shago, gaban masu jiran ɗinki, ya zazzaga manyan kalmomi, ya rufe da cewa maƙwabtaka ba ta halatta sata ba. Tela ya cire allura daga baki.

"Ban taɓa shiga naku ba, maƙwabci. Amma ka kyauta da ka tuna mini, ni ma nawa ya yi nauyi. Bari in canza lambar sirri."

Washegari da hantsi Injiniya yana da ganawar bidiyo da kamfanin da ya daɗe yana nema ya ba shi dillanci. Ya sha riga mai guga, ya zauna, kwamfuta ta ce babu intanet. Wayar matarsa kuwa na ta jan ƙafarta yadda ta saba.

Ya kashe rauta, akwatin da ke raba intanet a falo, ya kunna. Ya zare kebul daga kwamfuta, ya hura masa iska, ya mayar. Lokaci na tafiya, gumi ya cinye gugar. Ya durƙusa ya bi kebul da rarrafe, ta bayan kabad, ta ƙarƙashin kafet, har falo.

A bayan kujera ya tarar da ɗaya bakin kebul ɗin kwance cikin ƙura, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Ya koma ɗaki a sanyaye. Kwamfutar tana roƙonsa cikin ladabi ya shigar da sabuwar lambar sirrin "Shagon Tela".