Malamin da Ya Ƙoshi

"Na ƙoshi," in ji malamin Turanci, yana jiran a sake yi masa tayi kamar yadda aka saba a can ƙasarsu.

Mahaifiyar ɗalibarsa ta ce to, ta ɗauke farantin, da kazar da komai. Watansa ɗaya da zuwa wannan baƙuwar ƙasa, kuma ranar tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Haka ya yi darasin cikinsa na ƙugi, ɗalibar na waige-waige ko kyanwa ce ta shigo.

Da sati ya zagayo sai ya yi dabara. Ya cika cikinsa fam a ɗakinsa, har da sassauta bel, sannan ya taho.

"Na ƙoshi, Mama," ya ce, wannan karon tsakani da Allah.

Matar ta yi murmushi, ta dire masa faranti ninkin na farko.

"Malam, ka yafe mana," in ji ɗalibar. "Na bincika, ashe a wajenku kunya ce ke sa a ce an ƙoshi. Mama ta rantse yau ba za ka tashi ba sai ka cinye. Akwai ƙari a tukunya."