Hayaƙin Bayan Taga

Baba Direba, matuƙin jirgin ƙasa, bai taɓa kashe injin jirginsa da rana ba, kuma yana alfahari da hakan. Haka ya tarar da magabatansa suna yi tun zamanin da batir ba shi da ƙarfi, in ka kashe inji sai ya ƙi tashi. An daɗe da sauya injinan, amma al'adar tana nan daram.

Hukumar jiragen ƙasa ita kaɗai ke da jirgi a ƙasar. Ba ta da abokin gasa, don haka ba ta taɓa gaggawar gyara komai ba. Da aka matsa mata ta rage hayaƙi, sai ta saka wa kowane jirgi wata na'ura mai kashe inji da kanta idan ya jima a tsaye, ta kuma sanar da kwamfutar ofis.

Ran farko da na'urar ta kashe masa inji, abokan aiki suka yi ta masa tsiya. "Baba, yau kwamfuta ta yi maka tsawa ke nan?" Bai yi dariya ba. Ya buɗe akwatin na'urar, ya zare waya ɗaya.

Injiniyar da ke kula da na'urorin, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta same shi. "Baba, na'urarka ta yi shiru. Don Allah a bar ta, hayaƙin nan mutane ke shaƙa."

"'Yata, ina tuƙa jirgi tun kina goye. Koma kan kwamfutarki."

Ta mayar da wayar, ya sake zarewa. Babban direba ne, ba wanda ya iya ce masa uffan.

Kullum da rana yakan ajiye jirgin a layin dogon da ke bayan gidajen ma'aikata, daidai katangar gidansa, ya shiga ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa, inji na ta ruri. Tagar ɗakin da matarsa ke ɗinki tana fuskantar layin. Ita kuwa tun tana budurwa take fama da asma.

"Tela, tarin nan naki ya ishe ni," yakan ce. "Ƙurar yadi ce."

"To, Maigida," takan ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Wata rana ya shigo ya tarar da ita a ƙasa, hannunta a ƙirji, leɓunanta sun sauya launi. A asibiti likita ya tambaya ko da itace take girki, ko akwai mai shan taba a gidan. Baba Direba ya ce sam, gidansa ba hayaƙi. 'Yarsu ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

Matar ba ta dawo gida ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, 'yar ta shiga kwashe kayan ɗakin ɗinki. Ta sauke labulen taga ta miƙa masa. Gefen da ke cikin ɗaki fari ne. Gefen da ke kallon layi baƙi ƙirin, har yana shafa a hannu.

"Na sha ce mata ta gaya maka," in ji 'yar. "Sai ta ce a ƙyale ka, kada ka ji kunya gaban abokan aikinka. Wai ma in ta ji ƙarar injin, ta san ka dawo."

Injiniyar ma ta zo gaisuwa. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya jiƙanta, Baba. Allah ya ba ka haƙuri." Ko sau ɗaya ba ta ambaci waya ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Da ya koma aiki, da hannunsa ya mayar da wayar. Ya ajiye jirgin a inda ya saba. Jim kaɗan na'urar ta kashe injin. Ya zauna yana kallon tagar, babu tari, babu ƙarar keke.

Jama'a, idan an kawo gyara a wurin aiki, mu tambayi amfaninsa kafin mu zare masa waya don girman kai. Hayaƙin da muke saki ba sama yake tafiya ba, ƙirjin na kusa da mu yake fara shiga.