Hannun Tela

Shekara goma sha ɗaya rabona da gida, sai bana babban ɗana ya kwashe mu a mota muka je gaida yayata. Layinmu ya sha kwalta, an sare bishiyar ƙofar gida. Shagon Tela ma an raba shi biyu, rabi ana sayar da wayoyi.

Tela ne ya so ni kafin marigayi mijina. Bara matarsa ta rasu, ya aiko yayata da maganar aure.

Na same shi yana fama da zare da allura.

"Doguwa," ya ce, "kin ranƙwafa."

"Kai ma ba miƙewa ka yi ba."

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Yayarki ta isar da saƙona?"

Hannunsa nake kallo. Rawa yake yi, irin wadda hannun mijina ya fara da ita. Na karɓi allurar na zura masa zaren.

"Tun yaushe yake rawa?"

"Gajiya ce kawai."

"Haka marigayi ma ya ce. Shekara takwas ina juya shi a gado, ina ba shi abinci a baki. Ina son ka, Tela, ban taɓa dainawa ba. Amma ba zan iya jinya ta biyu ba."

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Gaskiyarki," ya ce. "Kafin ki tafi, zura mini zare a sauran alluran."

Na ja kujera na zura masa guda shida. Ɗana yana ta danna hon a waje.