Gardamar Injiniya da Kanar

Ƙarfe ɗaya na rana ma'aikatan kamfanin inshora suka watse cin abinci. Sailaja ta ture kwanon shinkafarta gefe, ta buɗe dandalin muhawara na intanet. Ita ce mai kula da kwamfutocin kamfanin, tun safe take kan ƙafa. Injin buga takardu na hawa na uku ya ƙi aiki, manaja kuma ya sake manta lambar sirrinsa. Yanzu ga saƙon Kanar Baig yana jira.

"Injiniya, ka sake kwafsawa. Makamin da ke bin hasken leza ba ya ganin komai cikin hayaƙi. Duba shafi na 212, in idonka na gani. Ka sha maganinka kuwa?"

Injiniyan da ake nufi mahaifinta ne, Subba Rao, wanda ya yi shekara talatin yana haɗa ƙwaƙwalwar makamai masu linzami a wata masana'anta ta gwamnati a nan birnin Hyderabad na Indiya. Da ya yi ritaya sai ya faɗa wannan dandali, ya ci karo da wani tsohon sojan igwa, Kanar Habeeb Baig. Shekara goma sha ɗaya suna tafka gardama. In Injiniya ya yabi wata waya, Kanar ya ce kwandon shara ce. In Kanar ya ce kwamfutar ofis ta sangarta ma'aikata, Injiniya ya ce dama can malalata ne. A kan makamai kuwa sai su yi mako suna abu guda, matasan dandalin na zuga su. Gari ɗaya suke, amma ba su taɓa haɗuwa ba.

"Kanar ya tsufa," mahaifinta ya taɓa ce mata. "Da can ashar yake lailayo min nan take. Yanzu sai ya kwana bai amsa ba, ya dawo min da lambar shafi kamar ɗan makaranta."

Wata bakwai ke nan da rasuwar Subba Rao. Amsarsa ta ƙarshe a gadon asibiti ya faɗa, ita ta rubuta masa. Bayan an ƙona gawar bisa al'adar Hindu da kwana tara ta shiga dandalin da sunansa don ta sanar da mutane, sai ta tarar da saƙon Kanar a akwatin sirri: "Ina ka shige? Gidan nan shiru ya yi yawa. Kai kaɗai ke sa ni tashi da safe."

Ta karanta sau uku. Maimakon sanarwa, sai ta rubuta: "Ina nan, tsohon banza. Hutu na ba ka."

Tun daga ranar ba ta sake cin abincin rana cikin natsuwa ba. Zancen waya da kwamfuta aikinta ne, ba ya ba ta wuya. Makaman ne suka gallabe ta. Ranar Lahadi, da sauran mutane ke hutawa, ita tana zaune cikin littattafan mahaifinta tana koyon yadda makami ke gyara hanyarsa a sama, abin da bai taɓa burge ta ba. Mijinta ya yi magana har ya gaji.

Sai masu dandalin suka ba da sanarwa za su rufe shi ƙarshen wata. Washegari Kanar ya aiko da adireshi a unguwar Tolichowki. "Ka zo shan shayi ranar Asabar. Akwai maganar da ba ta rubutuwa."

Sailaja ta ji wani sauƙi da ya ba ta kunya. Ta yanke shawarar zuwa ta faɗi gaskiya, ko da tsohon zai kore ta.

Ta sauka daga keke mai ƙafa uku da kwalin biskit a hannu. Wata dattijuwa siririya ta buɗe ƙofa, gashinta fari fat a ƙarƙashin mayafi. Ta dubi Sailaja, ta leƙa bayanta kamar mai neman wani.

"Ni ce Tahera, matar Kanar. Ke fa, 'yata?"

"'Yar Subba Rao ce, Anti."

"Shi yana ina? Ƙafar ce ta hana shi?"

"Gara in faɗa a gaban Kanar."

Dattijuwar ta kai ta falo. Sailaja ta cire takalmi ta ajiye kusa da silifas guda biyu na mata. A kan tebur akwai tsohuwar kwamfuta, da tulin littattafan soja, kowanne an cusa masa guntayen takarda tsakanin shafuka. Hoton Kanar cikin kaki na rataye a bango. An riga an jera kofi biyu.

Tahera ta zuba shayi, ta zauna, ba ta kira kowa ba. Sailaja ta jira har shayin ya fara hucewa. Daga ƙarshe ta kasa riƙewa.

"Anti, ki taimake ni ki faɗa masa a hankali. Babana ya rasu tun watan Maris. Ni ce nake amsa masa duk wannan lokaci. Na ga saƙonsa ne na kasa. Amma wallahi na gaji, ban ma san me nake rubutawa ba."

Dattijuwar ta ajiye kofinta. Ta daɗe tana kallon kwamfutar, idanunta sun cika. Sannan ta miƙo hannu ta riƙe na Sailaja, ta yi wata 'yar dariya ta gajiya.

"Ai kin yi ƙoƙari, 'yata. Wata bakwai kawai. Ni shekara huɗu ke nan da binne Kanar."