Sauran Kokon Safe

Wata Lahadi a Gummi, muna dawowa daga coci muka iske maƙwabcinmu Malam Sani yana fama da fostar ɗan takararsa a bangon gidanmu, ta ƙi mannuwa. Baba kuwa ko sunan jam'iyyar ba ya son ji.

Na ɗauka faɗa za a yi. Sai Baba ya aike ni wurin Inna in karɓo sauran kokon safe. Da hannunsa ya shafa, ya manna ta tsaf.

Malam Sani ya ce wa Baba, "Malam Bitrus, ka komo wurinmu ke nan?"

"Allah ya kiyaye! Maƙwabci ne Yesu ya ce in ƙaunata, bai ce in zaɓi gwaninsa ba."

Kafin la'asar akuyarmu ta lashe kokon, ta haɗa da ɗan takarar. Har yau ina kewar dariyarsu su biyun.