Inda Hasken Ya Tsaya

Likita ta juyo masa da allon na'urar.

"Baba, allurar da muka yi wa 'yarka tana ɗauke da ƙwayoyin da suka fi ƙura ƙanƙanta. Duk inda kansar ta ɓuya, can za su taru su yi haske, sai mu aika magani da zafi daidai wurin."

'Yar ta yi murmushi daga kan gado. "Ka ga, Baba, yau na zama fitila."

Dariyar ta ƙi zuwa masa. A irin wannan ɗaki ya tsaya shekarun baya, mahaifiyar 'yar dafe da gefen cikinta tana cewa, "Nan ne." Aka yi hoto, aka maimaita, ba a ga komai ba, har ƙasa ta rufe idonta.

Allon ya daɗe baƙi ƙirin. Can sai wani ɗigo kore ya kama, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu.

"Alhamdulillahi, mun kama ta da wuri," in ji likita.

Ya ɗora yatsa kan gilashin, daidai inda hannun matarsa ya saba kwanciya.

"Nan ne kuwa," ya raɗa wa marigayiyar. "Yau sun gani."