Kwalliyar Gawa

"Ki munana ni sosai," Mijinyawa ya ce wa Fati mai yi wa 'yan fim kwalliya. A wani kango a Tirwun suke ɗaukar kashi na uku na fim ɗin gawarwaki masu cin mutane, shi ne babbar gawar.

Fati ta zana masa ruɓaɓɓen kumatu. Ita ya yi wa alkawarin aure, amma a bakin mai kamara ta ji gobe zai angwance da wata.

Da aka tashi, ya dirje fuskarsa da sabulu. Ko gezau.

"Fati, wane irin fenti ne wannan?"

Ta rataya jakarta. "Baƙin lalle ne, ango. Ai ba a biki babu lalle."